Kalmomi Goma a Kullum

A unguwar da na yi haya a arewacin Delhi, jarida ba ta shigowa ta ƙofa. Mai rabawa yakan iso kan keke tun gari bai gama wayewa ba, ya naɗe ta, ya ɗaure da roba, ya wurga sama, ta faɗo a barandar bene hawa na biyu ko na uku, kuma da wuya ka ga ya kuskure. Ƙarar faɗuwarta ce ke gaya mini maƙwabcina ya tashi. Saurayi ne ɗan jihar Bihar, ɗan manomi, ya gama digirinsa da harshen Hindi, wanda mu muke kira Indiyanci, ya taho birni neman cin jarrabawar aikin gwamnati. Kafin ya kurɓi shayi zai warware jaridar Turanci ta The Hindu, ya tsallake shafin farko, ya tsallake labarin kurket, ya nufi shafin sharhin edita. A gefensa akwai littafi mai jan bango, kowane shafi ya raba shi gida uku: kalmar Turanci, ma'anarta da Hindi, sai wasu kalmomin Turancin masu kusancin ma'ana da ita. Kalmomi goma kullum, ba fashi.

Ba shi kaɗai ba ne. Ka zaga unguwar Mukherjee Nagar a Delhi, matattarar masu shirin jarrabawa da Hindi, ko ka leƙa Prayagraj ko Patna, za ka tarar da dubban samari da 'yan mata riƙe da irin wannan littafi. Kasuwa guda ta kafu a kansu. Kowace safiya akwai malamai a YouTube da ke ɗauko sharhin ranar, su tsince masa manyan kalmomi, su fassara ɗaya bayan ɗaya. Akwai zaurukan Telegram da ke raba jerin kalmomin tun jaridar ba ta kai hannun wasu ba, akwai kuma shagunan kwafi da ke ɗinke na wata guda su sayar. Shekara biyu na yi ina kallon abin nan da idona, kuma abin da na yarda da shi shi ne, shawarar karanta sharhin jarida shawara ce ta ƙwarai, amma yadda aka mai da ita tsintar kalmomi ya cuci yaran nan. Waɗanda suka fi cutuwa kuwa su ne waɗanda suka fi kowa naci.

Kafin a ga laifinsu, ya kamata a san abin da ya koro su. Kundin tsarin mulkin Indiya ya sanya Hindi a matsayin harshen gwamnatin tarayya, da niyyar Turanci ya ja da baya bayan shekara 15, wato a 1965. Da lokacin ya zo, mutanen kudu, musamman jihar da yau ake kira Tamil Nadu, suka ce ba za ta saɓu ba, aka yi tarzoma, aka rasa rayuka. Dokar da aka yi a 1963, aka yi mata gyara a 1967, ita ta bar Turanci a kujerarsa har yau. Kotun ƙoli da Turanci take shari'a. Karatun likita da injiniya galibinsa da Turanci ne. Alhali ƙidayar 2011 ta nuna mutum sama da miliyan 520, kusan 44 cikin 100, Hindi aka rubuta musu a matsayin harshen uwa, waɗanda suka ambaci Turanci cikin harsunan da suke ji kuwa kusan 10 ne kacal cikin 100. Jarrabawar manyan ma'aikata ta hukumar UPSC, mutum kusan miliyan ɗaya ke cike takardarta a shekara, guraben da ake cikewa kuwa wajen 1,000 ne. Tun 1979 an yarda mutum ya amsa ta da harsunan Indiya, amma akwai takardar Turanci da dole sai an haye ta. Jarrabawar SSC, ta ɗaukar ƙananan ma'aikatan gwamnatin tarayya, da ta bankuna, waɗanda talaka ya fi sa rai da su, kowace tana da nata sashen Turanci. A 2014 ɗaliban Hindi sun cika titunan Mukherjee Nagar suna zanga-zanga kan wata takarda ta jarrabawar UPSC da ake kira CSAT, suna cewa an tsara ta ne don 'ya'yan makarantun Turanci, har gwamnati ta daina lissafa makin sashen Turancin da ke ciki, a 2015 kuma ta mai da takardar ta tsallakewa kawai da 33 cikin 100. Saboda haka yaron da ya rungumi littafin kalmomi ya san sarai ƙofar da aka rufe masa, kuma ya san da wane harshe aka kulle ta.

Wata safiya cikin tsananin sanyi, hazo ya lulluɓe gari, ya ƙwanƙwasa mini ƙofa da littafin a hannu. "Bhaiya," haka yake kirana, kamar mu ce yaya, "zo ka karɓar mini hadda." Na karɓa. Na ce "exacerbate", ya kawo. Na ce "remunerative", ya kawo. "Procurement", "lacuna", duk goman ya kawo ba tuntuɓe, har da 'yan'uwansu na gida na uku. Na yaba masa. Sai na ce, "To bhai, me editan yake cewa yau?"

Ya yi shiru. Ya dubi jaridar, ya dube ni. "Kan noma ne, ina jin."

Sharhin ranar a kan farashin da gwamnati ke yanka wa shinkafa da alkama ne, wanda suke kira MSP, mafi ƙarancin kuɗin da za ta sayi amfanin gona a hannun manomi. Na karanta masa sakin layi na farko, na warware masa da sassauƙan Turanci haɗe da 'yar Hindin da na tsinta a kasuwa. Nan take fuskarsa ta canja. Ya ajiye littafin a ƙasa. Rabin awa ya yi yana magana ban katse shi ba: yadda mahaifinsa ke sayar wa 'yan baranda shanshera tun a bakin gona ƙasa da wancan farashin, don yana bukatar kuɗin iri da taki kafin lokacin shukar alkama ya wuce, yadda jiharsu ta rushe dokar kasuwannin amfanin gona na gwamnati tun 2006, yadda masu saye wa gwamnati kan zo a makare, in sun saya ma kuɗin ya daɗe bai fito ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wannan yaro ya fi editan sanin maganar nesa ba kusa ba. Amma ya shafe kusan awa guda a kan shafin, ya fito da kalmomi goma, ya bar zancen mahaifinsa kwance a takarda bai gan shi ba.

Har yau in na tuna abin yana sosa mini rai, don ba ƙwaƙwalwa ya rasa ba, ba kuma himma ba. An koya masa ya dubi rubutu kamar tiren shinkafa da ake tsince wa tsakuwa, ya kwashi tsakuwar ya zubar da shinkafar.

Kalma ba ta zama ita kaɗai. Ɗauki "sanction". A bakin manajan banki a Indiya tana nufin an amince da ba ka rance, a shafin labaran duniya kuma tana nufin an ƙaƙaba wa ƙasa takunkumi. Jerin kalmomi zai ba ka ɗaya ya bar ɗaya, ko ya jera maka duka biyun ka rasa wacce za ka ɗauka. Jumlar da kalmar ta zauna a ciki ce kaɗai ke raba gardama, ita ce kuwa aka fara yarwa. Gida na uku na littafin maƙwabcina ya fi tayar mini da hankali. A gaban kalma ɗaya zai jera huɗu da aka ce masa ma'anarsu ɗaya, ya tafi da zaton duk inda ɗaya ta shiga sauran ma za su shiga. Kamar a gaya wa baƙo cewa rasuwa da mutuwa da macewa duk abu ɗaya ne, a sake shi ya je gidan makoki yin gaisuwa. Duk mai jin Hausa ya san abin da zai biyo baya. Haka Turanci yake, kowace kalma da abokan tafiyarta da wurin da ake shiga da ita, kuma ba a sanin wannan sai an gan ta cikin jama'a sau da yawa.

Akwai kuma lissafin da masu sayar da jerin ba sa yi wa ɗalibi. Paul Nation, masanin koyon kalmomi na jami'ar Victoria da ke Wellington a ƙasar Niyu Zilan, ya ƙiyasta a 2006 cewa kafin mutum ya karanta rubutu ya fahimta ba tare da taimako ba, sai ya san wajen 98 cikin 100 na kalmomin da ke ciki, kuma kaiwa wannan matsayi a jarida ko littafin labari na bukatar dangin kalmomi 8,000 zuwa 9,000, wato kowace kalma da rassanta. Ka ɗauka sharhi yana da kalmomi 500. Wanda ya kai wancan matsayi goma ne za su shige masa duhu, zai ma iya cankar rabinsu daga zancen. Shi aka yi wa shawarar kalmomi goma. Wanda ya san 90 cikin 100 kuwa, hamsin ne ke jiransa, kusan kowane layi da ramin da zai faɗa. In aka tsince masa goma mafi tsawo da ban tsoro, saura arba'in, kuma cikin arba'in ɗin nan ma'anar take. An ɗauko maganin mai ƙoshin lafiya an ɗura wa mai jinya.

Waɗannan arba'in ɗin yawanci ƙanana ne, shi ya sa ido ke raina su. "Yet", "though", "unless", "rather". Su ne ke juya akalar zance, su ke nuna maka inda edita ya amince da inda ya ja tunga. Sai irin "rein in" da "call off", waɗanda kowane ɓangarensu ɗalibi ya sani tun firamare, amma in sun haɗu ma'anar ta tashi ta koma wani wuri. Mai jin Hindi yana da ƙarin nasa nauyin. A harshensa aikatau a ƙarshen jumla yake zuwa, abin da Turanci ke sawa gaban suna shi bayan suna yake sa shi, "ghar mein", gida ciki, sannan babu "a" babu "the" sam. Doguwar jumlar edita mai rassa uku, kafin ya gano wa ya yi wa wa me, numfashinsa ya ƙare. Babu jerin kalmomin da ke maganin wannan. Yawan karatu ne ke sabar wa kunne da ido.

Ita kanta fassarar da ake ba su akwai magana. Maƙwabcina Bhojpuri yake yi da mahaifiyarsa, harshen da mutum sama da miliyan 50 ke yi amma ƙidaya ta cusa shi ƙarƙashin Hindi. Hindin littafi da na ofis kuwa an cika shi da kalmomin da aka sassaƙo daga Sanskirit. Hauhawar farashi, a littafi "mudrasphiti" ce, a bakin mai sayar da albasa "mehngai", tsada. Sau nawa na ga ya rubuta baƙuwar kalmar Turanci, a gabanta ya ajiye baƙuwar kalmar Hindi da bai taɓa furtawa ba. Baƙo biyu ke nan a ɗaki ɗaya, babu mai gida.

Wani zai ce mini jarrabawar ce ke neman haka, kuma yana da gaskiya. Takardar Turanci ta SSC tana tambayar kalma mai ma'ana ɗaya da wata, da kishiyarta, da kalma ɗaya da za ta maye gurbin jumla. Yaron da ya rage masa wata uku, kuɗin haya na fitowa daga buhun shinkafar babansa, ba zan tsaya ina yi masa wa'azin daɗin karatu ba. Mu kuma da muka taso da allo a hannu ba mu ne za mu raina hadda ba. Amma kowane gardi ya san hadda ba ta zama sai da tishi. Bajamushen nan Hermann Ebbinghaus, da ya gwada kansa da haddar gaɓoɓin da ba su da ma'ana ya buga sakamakon a 1885, ya tarar mafi yawan abin da aka haddace a ranar farko yake zubewa in ba a waiwaye shi ba. Kalmar da aka cire daga jumlarta kuwa ba ta da nisa da gaɓar da ba ta da ma'ana. Goma a kullum 3,650 ke nan a shekara, a kan takarda. Yaushe za a yi tishinsu, alhali gobe da asuba wasu sabbin goman na jira? Na taɓa buɗe littafin nan baya da wata biyu na tambaye shi, abin da ya iya kawowa bai kai rabi ba, ya yi ta jin kunya kamar shi ya yi laifi. Mai bidiyo ba zai ce ka koma kan na makon jiya ba, don sabon jeri ne ke kawo masa 'yan kallo.

Abin takaicin shi ne, sharhin jarida yana ɗauke da nasa tishin, in da za a bar shi ya yi aikinsa. Al'amuran ƙasa zagayowa suke yi. Ranar 1 ga Fabrairu ana gabatar da kasafin kuɗi, mako guda ba a zancen komai sai haraji da giɓi da rance. Yuni na kamawa a koma kan damina da farashin abinci. Nuwamba hayaƙi ya turnuƙe Delhi, a shiga maganar ƙona karan shinkafa a Punjab da Haryana. Ga zaɓe, ga hukuncin kotun ƙoli, ga babban banki da kuɗin ruwa. Wanda ya zaɓi batu ɗaya da ya dame shi ya bi shi wata guda, zai ga kalmomi iri ɗaya na dawo masa kullum cikin sabbin jumloli, har su zauna ba tare da ya san ranar da ya haddace su ba. Haka na koyi "mehnga", wato mai tsada, a Delhi. Ban rubuta ta a ko'ina ba, mai tumatir ne ya yi ta jefo mini ita har na fara mayar masa.

Matakalar da ta ɓace kuwa tana nan a wajen mai jaridar da ke wurgo The Hindu. Jaridun da aka fi karantawa a Indiya na Hindi ne, irin su Dainik Jagran da Dainik Bhaskar. Kamfanin Indian Express yana buga Jansatta, masu Times of India suna da Navbharat Times, masu Hindustan Times suna da Hindustan. Ba fassarar juna suke ba, amma in babban abu ya faru duk a kansa suke sharhi. Wanda ya fara karanta maganar da harshen da yake tunani da shi, ya san su wa ke jayayya da kuma kan me, in ya buɗe ta Turanci ya riga ya san hanya, sai dai ya koyi sunayen unguwanni. Ga ƙarin riba, zai ga editoci biyu sun saɓa, ya gane sharhi ra'ayi ne da ake iya musantawa. Amma da yawa cikin yaran nan kunya suke ji a gan su da jaridar Hindi a ɗakin karatu, kamar sun tona wa kansu asiri. An raba su da makamin da ya fi kowane kaifi a hannunsu, an ce shi ne ciwonsu.

Ban ji baƙunta da wannan kunyar ba, don na san ta tun daga gida. Mu ma Ingila ce ta bar mana harshen ofis, mu ma ba a shiga jami'a sai da kiredit a Turanci. Malamin Turancinmu a sakandare yakan yanko sharhin New Nigerian ya liƙa a allon sanarwa, Allah ya saka masa da alheri, amma abin da yawancinmu muka ɗauka shi ne farautar kalmar da za mu jefa a muhawara a tafa mana. Har yau muna girmama dogon Turanci fiye da magana mai ma'ana, muna kuma kallon mai karanta Aminiya kamar bai kai mai karanta Daily Trust ba. Shi ya sa da na ga littafin maƙwabcina na gane shi tun kafin ya buɗe.

Nauyin gyaran bai kamata ya tsaya kan yaron ba. Shekara goma ko fiye ya yi ana koya masa Turanci a makarantar gwamnati a matsayin darasin cin jarrabawa, a rubuta amsa a allo ya kwafa, ba a taɓa miƙa masa ɗan littafin labari daidai ƙarfinsa ya karanta don jin daɗi ba. Daga nan aka ɗauke shi aka dire gaban rubutu mafi tsauri a jarida aka ce ya yi iyo. Masu shirya jarrabawa su ma da nasu kason. Ma'aikacin da ake nema zai karanta takardar umarni ya gane, ya rubuta rahoton da na sama da shi zai gane, ya amsa wa talaka koke. Muddin aka ci gaba da ba da maki kan kalmar da ko editan ba ya amfani da ita sau biyu a shekara, kasuwar jeri za ta ci gaba da ci, yara kuma za su ci gaba da zuba ruwa a kwando da kuɗin iyayensu. A tambaye su abin da rubutu ya ce, a sa su taƙaita shi, a sa su mayar da martani, za a ga malaman bidiyon da kansu sun sauya salo cikin wata guda.

Maƙwabcina bai yar da jan littafinsa ba, ni ma ban ce ya yar ba, don jarrabawa ta matso. Abin da ya yi, ya rage kalmomin zuwa huɗu ko biyar, ya soke gida na uku, ya mai da shi wurin rubuta jumlar da ya ga kalmar a ciki da wata tasa ta kansa. Ya haɗa kuɗi da wani yaro na ƙasan bene suna sayen jaridar Hindi, su karanta ta kafin ta Turanci. Jumlar farko da ya kawo mini a ƙarƙashin "procurement" cewa take yi, a ƙauyensu gwamnati ba ta fara saye sai talaka ya gama sayarwa. Ya manta "the" a wuri biyu, na sa masa, ban taɓa sauran ba.

Ya karɓi littafin, ya tsaya a bakin ƙofa bai tafi ba. "Bhaiya, wai mutum zai iya rubuta wa editan amsa?" Na jawo jaridar na nuna masa filin wasiƙun masu karatu, a wannan shafin dai da yake buɗewa kullum tun zuwansa Delhi. Ya ce bai taɓa lura da shi ba. Ya jawo kujerata ya zauna, ya fara daga wasiƙar farko, yana bin layi da yatsa.